Motata ba ta tashi in ta yi zafi, ga kuma bashin Yaya a wuyana

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina da shagon wayoyin salula a nan Maraɗi. Wata biyar da suka wuce na sayi Mazda RX-8 ja, ƙirar 2005, a hannun wani da ya kawo ta daga Yamai. Tun ina yaro nake son motar tsere, da na ji kukanta kuwa sai na kasa haƙura. Miliyan uku da rabi na biya. Miliyan ɗaya da rabi a ciki Yayana ne ya ranta mini, amma ce masa na yi kaya zan ƙara a shago, har yau ya ɗauka da ribata na saye ta. Yanzu ga halin da nake ciki. Baƙin mai yana raguwa kullum, kuma ba ta yoyo. Ran nan na fito da ita ƙofar gida don a wanke, na kashe, ta ƙi tashi sai da aka yi kwana biyu. Abin da ya fi damuna, da safe tana tashi lafiya, amma in na yi tafiya na tsaya shan mai ko masallaci, ba za ta sake tashi ba sai ta huce kamar rabin awa. Sau uku yara suna tura ni a bakin kasuwa. Makaniki na farko ya ce ringi ne, a buɗe inji. Na biyu ya ce in zuba mai mai kauri. Na uku ya ce a cire injin a sa na Toyota. Matata tana da juna biyu, ta ce ba za ta ƙara shiga ba. In gyara, in canza inji, ko in sayar in yi shiru? Yaya kuma zan yi da Yaya?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sauki iyalinka lafiya. Matsala biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, ta mota da ta yayanka. Zan fara da ta motar, don sai ka san ainihin halin da take ciki za ka san abin da za ka je wa Yaya da shi. Kafin komai dai, kada ka bar kowa ya kwance ko da noti ɗaya a jikin injin nan cikin wannan mako.

Duk injin da makanikanmu suka saba buɗewa, daga na Toyota har na babur ɗin ɗan kabu-kabu, fistin ne ke hawa da sauka a cikinsa. Naka ba shi da fistin ko ɗaya, ba shi da bawul, ba shi da ringi irin wanda makanikinka na farko yake nufi. Ka ɗauki kwanson gujiya mai ƙwaya biyu ka dubi yadda ya ɗan tsuke a tsakiya, to haka cikin ɗakin injinka yake. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, kowane gefensa da ɗan tumbi, ana ce masa rota. Yana kewayawa ne kusurwoyinsa uku suna shafar bango, sai kowane gefe ya zama ɗaki mai zaman kansa: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, buji ya kunna wuta, ya tura hayaƙi waje. Rota biyu ne a motarka, ɗakuna shida ke nan. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe, ana ce masa sil, da ke toshe tsakanin ɗaki da ɗaki don kada matsi ya zurare. Ran injin gaba ɗaya yana kan waɗannan sil na kusurwa da ƴan'uwansu na gefe. Muddin suna kama bango sosai, injin lita 1.3 kacal yana ba da ƙarfin doki sama da 200 a samfurin mai giya shida na hannu, yana juyawa har 9,000 a minti ba gargada. In suka cinye, komai ya tafi.

Kada kowa ya ce maka tarkace ka saya. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro wannan inji, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957. NSU ɗin ya sa shi a motarsa Ro 80 a 1967, sil ɗin kusurwa suka riƙa cinyewa da wuri, kuɗin canza wa mutane inji ya durƙusar da kamfanin har Volkswagen ya saye shi. Mazda na birnin Hiroshima a Japan ne ya nace, ya fito da Cosmo a 1967, RX-7 a 1978, kuma a 1991 motarsa 787B mai irin wannan inji ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da motar Japan ta ci. Injin da ya yi kwana da wuni yana gudu ba rago ba ne. Amma ka lura, ciwon da ya kayar da NSU shi ne dai wanda muke zargi a motarka. An ƙera RX-8 daga 2003 zuwa 2012, kuma na farko-farkon, irin taka, su suka fi yawan wannan kuka, har Mazda ya tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara takwas ko mil 100,000. Daga ƙirar 2009 aka ƙara wa kowane rota bututun fesa mai na uku don tsakiyar sil ɗin ya riƙa samun maiƙo. Taka biyu gare ta.

Wannan ya kawo mu kan baƙin mai. Raguwarsa ba ciwo ba ne. Injin yana da ɗan famfo da ke ɗiban baƙin mai yana fesawa cikin ɗakin wuta da gangan, don sil ɗin su samu abin zamewa, man kuma ya ƙone tare da fetur. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kai kuwa wanda ya sayar maka bai gaya maka ba, kuma ya kamata ya faɗa. Ka riƙa jan sandar awon mai duk bayan cika tanki biyu, ka ajiye galan a but kullum. Ranar da ka ga man ya daina raguwa, ranar ce ta tashin hankali, don famfon ya tsaya ke nan, sil suna gugar bango a bushe. A Turai mai lamba 5W-30 kamfanin ya rubuta. Da zafinmu na watan huɗu da na biyar, in ka ɗan ƙara kauri zuwa 10W-40 ba laifi, masu irinta da yawa a ƙasashen zafi haka suke yi. Amma mai kauri ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, saboda haka shawarar makaniki na biyu ba magani ba ce.

Ranar wankin nan kuma fetur ne ya shaƙe ta. In injin yana da sanyi, kwamfutarsa tana zuba fetur da yawa. Ka tayar, ka matsa taku goma, ka kashe, sai fetur ɗin da bai ƙone ba ya jiƙa buji, ya wanke maiƙon bangon, matsi ya faɗi. Kada ka ƙara kashe ta da sanyi. Ko ƙofar gida za ka fito da ita, ka bar ta sai allurar zafi ta hau. In kuma ta shaƙe, ka danne totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa makulli na sakan bakwai zuwa takwas. Danne totur ɗin yana sa kwamfuta ta yanke fetur, injin ya furzar da na ciki. Ka huta kaɗan don sitata ta sarara, ka saki totur, ka sake gwadawa.

Saura na ukun, wanda shi ne ya sa na ce kada a taɓa injin tukuna. Tashi da sanyi da ƙin tashi da zafi shi ne sanannen alamar raunin matsi a wannan inji. Bangon ɗakin na alminiyam ne, rota da faifan gefe na baƙin ƙarfe ne, kuma zafi ba ya buɗa su daidai da juna. In sil sun tsufa, ɗan gibin da zafi ya ƙara ya isa matsi ya gudu a lokacin da sitata ke juya injin a hankali. Da ta huce gibin ya rufe, sai ta tashi. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta fi karkata ga wannan. Sai dai akwai abubuwa masu arha da ke kawo irin wannan alama, kuma wauta ce a buɗe inji kafin a kawar da su. Batir mai rauni yana yi. Sitatar ƙirar 2004 da 2005 tana da sanyin juyi, shi ya sa daga baya Mazda ya fito da mai sauri, kuma matsin wannan inji yana ƙaruwa ne da saurin juyawa. Sai kwayil, wato abin da ke tura wa buji wuta. Huɗu ne, buji ma huɗu, biyu ga kowane rota, kuma kwayil ɗin RX-8 ba sa daɗewa, masu kula da ita kan canza su da buji da wayoyinsu kusan duk kilomita 50,000. Bujin ba iri ɗaya ba ne: na ƙasa mai harafin L, na kamfanin NGK lamba RE7C-L, na sama mai harafin T, RE9B-T. Kada makaniki ya musanya su, kada kuma ya ɗaura maka bujin wata mota don zaren ya shiga. Kwayil mai rauni yana barin ɗanyen fetur ya gangara salansa, ya narkar da matatar hayaƙin da ke ciki, ta toshe, zafi ya komo wa injin. Injuna da yawa ta wannan hanya suka mutu, daga abin da bai kai kuɗin taya biyu ba.

Abin da zai raba gardama shi ne awon matsi. Na'urar da aka yi don wannan inji tana ba da lamba uku ga kowane rota, shida ke nan, tare da saurin juyawa. A littafin gyaran Mazda, lafiyayyen matsi 830 ne a ma'aunin matsi na kPa, a juyi 250 a minti, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 680. In ba ka samu wannan na'ura a nan ba, akwai dabarar da za ta nuna maka hanya da ma'aunin matsi na kullum da ke kowane gareji. A cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe allura a sama, don ta riƙa tashi tana faɗuwa. Injin ya kasance da zafi, batir cike, a yanke fetur da wutar kwayil, a cire bujin sama a ɗaura ma'aunin, ka danne totur a murɗa. Kai mai sayar da waya ne, ka ɗauki bidiyon allurar da saitin da ke rage gudun hoto. Za ka ga tana bugawa uku-uku. In bugun ukun sun yi daidai kuma suna da tsawo, alhamdu lillahi. In sun yi daidai amma gajeru, injin ya tsufa ne baki ɗaya. In ɗaya ya tashi biyu suka kwanta, sil ɗin kusurwa ɗaya ya karye, don kowane sil bango ne tsakanin ɗaki biyu. A yi wa rota na gaba, a yi wa na baya.

Makanikanmu ba na raina su. Na ga yaro a gareji ya tayar da motar da aka yi shekara ana cewa ta mutu, da kunne kawai da haƙuri. Amma wannan injin faifai biyar ne aka jera kamar masa a tire aka ɗaure da dogayen noti, kuma in an buɗe, kowane sil sai an auna gibinsa da ma'aunin da ya fi gashi siriri, robobin ruwa duka sai sababbi, kayan kuma daga waje za a yi odarsu. Wanda bai taɓa haɗa shi ba, a kan motarka zai koya, da kuɗinka. Ka tambayi duk wanda ya ce zai buɗe: guda nawa ka taɓa haɗawa, ina masu su in je in gaishe su? Injin Kwatano na hannu ma caca ne, don sa'an naka ne a shekaru, sai in an auna matsinsa a gabanka. Sa injin Toyota kuwa ya fi yadda aka faɗa maka wuya. Mazauninsa daban, giyabos daban, kuma sitiyarin RX-8 na lantarki ne, shi da allon gaban direba duka da kwamfutar injin suke magana. Za a iya yi, amma kuɗin zai yi yawa, wata da watanni tana gareji, a ƙarshe kuma kukan nan da ya sa ka saye ta ya tafi, ka rage da mota mai ƙasa-ƙasa da ke karta ciki a kowane tudun rage gudu.

To, a ce awo ya yi kyau, kwayil da sitata suka warware matsalar. Sai ka san irin hidimar da ka ɗauka a gari kamar Maraɗi. Zafi shi ne babban abokin gabarta. Tafasa ɗaya tak na iya lalata robobin da ke raba ruwa da ɗakin wuta, kuma gyaran wannan sai an wargaza injin duka. Allurar zafinta kuma takan zauna a tsakiya har sai abu ya yi nisa, don haka ka sayi ƴar na'urar nan ta OBD da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari tana turo ainihin zafin a waya. Lagireto mai kan roba da ya shekara ashirin a canza shi, fanka biyu su kasance suna aiki, ruwan sanyaya inji na gaske za ka zuba ba na rijiya ba. Masu sanyaya baƙin mai suna can ƙasa bayan bamba, ƙura da ƙaiƙayi suna toshe su, a riƙa hure su. Lokacin hunturu ka duba matatar iska duk mako biyu, don ƙurar da ta wuce ta, bangon injin za ta ci. Fetur na gidan mai kaɗai. Na san ruwa-ruwa na kwalba ya fi kusa, wani lokaci ya fi sauƙi, amma motar an yi ta ne don fetur mai lamba 95, kuma gurɓataccen mai da ke sa inji ƙwanƙwasa yana iya karya sil nan take. Masu irinta da yawa suna zuba man inji mai bugu biyu, irin na ƙaramin janareto amma mai kyau, kamar kwatan lita a cikakken tanki na lita 60, don ƙara wa sil maiƙo. Ba umarnin kamfani ba ne, yana kuma rage kwanan matatar hayaƙi, amma ga ƙirar 2005 ni ina goyon bayansa. Sannan ba ta son rarrafe. Daga gida zuwa shago zuwa masallaci a giya ta biyu yana tara mata baƙin gawayi a ciki. Tana bukatar in ta yi ɗumi a fita da ita hanyar Tibiri ko ta Zandar inda babu jama'a, a bar injin ya hau sama a ƙananan giya, ba sai ka yi gudun ganganci ba. A cikin gari kuma ka sa ran lita 15 ko fiye a kilomita 100.

Ka karanta wannan sakin layi na sama sau biyu, ka tambayi kanka ko shagon waya ɗaya, da jariri a hanya, da bashin miliyan ɗaya da rabi, za su ɗauki wannan. Ni a ganina ba za su ɗauka ba a bana. Mota ce ta mai wata motar, wanda in ta kwanta wata biyu tana jiran kaya daga Dubai ko Japan ba abin da zai tsaya masa, kuma yana da kuɗin sake haɗa inji a ajiye. Son da kake mata ba laifi ba ne, na kuma fahimce shi sarai. Lokacinta ne bai yi ba. Matarka kuma tana da gaskiya. Naƙuda ba ta jiran inji ya huce rabin awa. Tun yau ka shirya da wani maƙwabci ko ɗan'uwa mai mota da za ka kira ko da tsakar dare, ka gaya mata ka yi hakan, hankalinta ya kwanta.

Shawarata ita ce ka kashe ƙaramin kuɗin nan na batir, buji, kwayil da awo, don ko sayarwa za ka yi sai ka san abin da kake sayarwa. In matsi ya faɗi ƙasa da 680, kada ka zuba ko dala a buɗe inji, ka sa ta kasuwa yadda take. In ya yi kyau ma, ni dai sayarwa zan ce, sai dai a farashi mai daraja. Amma maganar yin shiru, a'a. Ka san yadda ka ji a bakin kasuwa yara suna tura ka, ka kuma san hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Aibin da ka sani dole ka faɗa. Ka kai mai saye da injin a zafi, ka kashe a gabansa, ka nuna masa bidiyon allurar. Za ka yi asara, wataƙila mai ciwo. Masu neman irinta da saninsu suna nan, sun fi yawa a Yamai da Kano, kuma wanda ya san injin ya fi yarda da mai lambobi a hannu.

Yaya kuwa, kada ka jira sai an sayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma Maraɗi ba ta da girman da za a tura jar mota sau uku labari bai kai masa ba. Mai yiwuwa ya riga ya yi lissafinsa, yana jira ne ya ga ko za ka zo da kanka. Ka same shi a gida bayan isha'i, kai kaɗai, ba a shago ba, ba ta waya ba. Ka ce: Yaya, kuɗin da na karɓa ban sa su a kaya ba, mota na cika da su, na yi maka ƙarya, ka yafe mini. Kada ka haɗa da uzuri, kada ka ɗora wa wanda ya sayar maka. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai ka saurara, haƙƙinsa ne. Sannan ka ajiye masa tsari a takarda: ga abin da nake sa ran samu in an sayar, naka ne farko kafin in taɓa ko jaka ɗaya, in bai cika ba ga abin da zan riƙa kawowa duk wata daga shago. In kana jin nauyin ba zai bar ka ka buɗe baki ba, ka fara gaya wa Inna ko wani kawunku da yake jin maganarsa, amma bakinka ne zai faɗa, ba nasu ba.

In an yi awon, ka aiko mini da lambobin shida da saurin juyin da aka same su, ko bidiyon allurar, mu duba tare kafin ka yanka mata farashi.